Yarona ya fara hamma tun kafin T. rex ya fito

"Assalamu alaikum Malam. Ni tun ina firamare na kalli Jurassic Park na farko a gidan maƙwabta, wallahi sai da na yi kwana uku ban iya fita tsakar gida da dare ni kaɗai ba. Satin da ya wuce na sauke shi a waya na ce bari in nuna wa ɗana mai shekara 12, sai ga shi tun kafin babban dodon ya fito yaro ya fara hamma, wai surutu ya yi yawa. Daga baya ma ya ce min ai malaminsu ya ce dainoso gashi gare su irin na tsuntsu. Ni kaina da na kalla na ga wasu wuraren sun zama wani iri. To fim ɗin nan da gaske yana da kyau ne, ko kewar ƙuruciya ce kawai take ruɗar mu?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ba ni dariya wallahi, don irin abin da ya same ka ya same ni bara, sai dai ni ɗan ƙanwata ne, kuma shi ko hamma bai tsaya yi ba, hannu ya miƙo zai ɗauki rimot wai Kawu a tura gaba zuwa inda ake cinye mutane. In na fahimce ka, so kake ka san ko fim ɗin zai iya tsayawa da ƙafarsa a gaban wanda bai san shi ba, ko kuwa mu ne muke shafa masa zuma saboda ya haɗu da ƙuruciyarmu. Sai maganar gashin tsuntsu da yaron ya kawo, ita ma ba ƙaramar magana ba ce, ka gaishe min da malamin nasu. Ni aikina tace fim ne da haɗa sauti, na haura shekara 15 ina zaune gaban kwamfuta ina yankan hoto, don haka ta wannan ƙofar zan fi shiga. Ɓangaren ƙasusuwa kuwa ba fagena ba ne, karatun sha'awa ne da fim ɗin nan da kansa ya cusa min, iya abin da na tabbatar zan faɗa maka.

A gajarce, fim ɗin yana da kyau da gaske, amma ba ko'ina ba, kuma waya ita ce wuri mafi muni da za ka gwada shi a kai. Bari in bi maka a hankali.

Minti 15 kacal

Fim ɗin ya fito a Amurka ranar 11 ga Yunin 1993, Steven Spielberg ne darakta, labarin kuma, na wani attajiri da ya dawo da dainoso duniya ya killace su a wani wurin shaƙatawa, daga littafin Michael Crichton na 1990 aka ɗauko shi. An kashe kusan dala miliyan 63, ya dawo da sama da miliyan 900 a fitowarsa ta farko, babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a duniya sai da Titanic ya zo ya ture shi. Wannan duk lissafin 'yan kasuwa ne. Lissafin da ya dame ni a matsayina na edita shi ne, tsawon fim ɗin awa 2 da minti 7 ne, amma in ka tara duk lokacin da ake ganin dainoso a allo bai wuce kusan minti 15 ba, a cikin 15 ɗin nan ma zanen kwamfuta kusan minti 6 ne kawai. Sauran duk abubuwa ne da aka ƙera da hannu, akwai su a gaban kamara, ɗan wasa zai iya kai hannu ya taɓa.

Wani mutum Stan Winston shi da yaransa ne suka ƙera su. T. rex ɗin, babban dainoso mai cin nama da ka kasa fita tsakar gida saboda shi, mutum-mutumi ne mai girman gaske, tsayinsa ya kai kusan mita 6, ƙarfe ne a ciki da injin da ke aiki da matsin mai, an lulluɓe shi da fatar roba mai kama da soso. Dainoson nan mai ƙaho uku da ke kwance ba shi da lafiya, wanda Alan Grant, masanin ƙasusuwan da ke jarumin fim ɗin, ya kwanta a kan cikinsa cikin yana ɗaga shi yana sauke shi, shi ma ƙirar hannu ne. Har raftocin cikin kicin, wato Velociraptor, dainoson nan masu farauta da ba su kai T. rex girma ba, a wasu wuraren mutane ne sanye da rigar dodo suna tafiya a duƙe.

Da farko ma ba a yi niyyar amfani da kwamfuta don manyan motsi ba. Phil Tippett aka ɗauko, gwanin nan da ke ɗaukar 'yan tsana hoto ɗaya bayan ɗaya yana motsa su kaɗan-kaɗan har su zama kamar suna tafiya. Ana cikin haka wasu samari a ILM, kamfanin da ke haɗa dabarun hoton fim, Steve Williams da Mark Dippé, suka zana ƙwarangwal ɗin T. rex a kwamfuta suka sa shi tafiya, da aka nuna wa manya sai shiri ya canza gaba ɗaya. Tippett ya ce wa Spielberg shi kam ya ga alama ya bi sahun dainoso, zamaninsa ya ƙare, maganar ta yi wa daraktan daɗi har ya saka irinta a bakin jaruman fim ɗin. Amma ba a sallame shi ba, kuma nan ne wayon yake. An ƙera wani ɗan ƙwarangwal na ƙarfe mai na'urori a gaɓoɓinsa, mutanen Tippett su motsa shi da hannu yadda suka saba, kwamfuta ta kwafe motsin. Wato hannun da ya yi shekaru yana nazarin yadda dabba ke ɗora nauyinta a ƙafa, shi ne ya koya wa kwamfuta tafiya. Shi ya sa har yau in T. rex ɗin ya taka ƙasa kana jin yana da nauyi, ba kamar wasu dodannin finafinan yanzu ba da suke tsalle kamar an hura balan-balan.

Kofin ruwa da akuya

Ka koma ka kalli wurin da motocin nan biyu suka tsaya a gaban shingen T. rex da dare, wuta ta ɗauke, ana ruwan sama. Ni na kalli wannan wurin ya fi sau 50, har yanka shi na yi gunduwa-gunduwa a kwamfuta ina ƙirga daƙiƙoƙi, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina sai na zaunar da shi a kai.

Kafin ka ga dodon, me aka nuna maka? Kofunan ruwa biyu a gaban mota, ruwan yana yin zobe-zobe, ana jin wani dim can nesa. Sai fuskar yaro. Sai aka duba inda aka ɗaure akuya tun da rana, babu akuya, sarƙa ce kawai ke lilo. Sai ƙafar akuyar ta faɗo a kan gilashin rufin mota. Sai farce ɗaya a kan wayar shinge, don a tabbatar maka babu lantarki a jikinta. Sai lauya ya ɓalle ƙofa ya ruga ban-ɗaki ya bar yara. Duk wannan ana gina maka abin a cikin kanka ne, kafin dodon ya gama fitowa kai ka riga ka gama tsorata. Kuma ka lura da wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi, duk da John Williams ne ya yi kiɗan fim ɗin, kiɗan da har yau in ka ji shi tsigar jikinka ke tashi, a wannan wurin babu kiɗa ko ɗigo. Ruwan sama ne, da numfashi, da kukan ƙarfen shinge yana tsinkewa.

Zoben ruwan nan ma ba kwamfuta ba ce. Michael Lantieri, mai kula da dabarun fili, ya sha wahala kafin ya gano yadda zai samu zoben daidai, ƙarshe tsirkiyar jita aka ratsa ta ƙarƙashin inda kofin yake, wani ya kwanta a ƙasan mota yana tsinka ta. Ruwan saman kuwa ya zame musu bala'i, fatar mutum-mutumin tana shan ruwa kamar soso, nauyinsa ya canza, sai ya fara karkarwa, sai an tsaya an bi shi da tawul ana tsane shi sannan a ci gaba. Amma ruwan ne da duhun suka yi wa fim ɗin rana. A cikin duhu da ruwa, idonka ba ya iya raba inda ƙirar hannu ta ƙare da inda zanen kwamfuta ya fara. In an matso kusa, kai da ido da haƙora, na gaske ne, hasken tocila na gaske ne ke sauka a kansa. In an ja baya ana so a ga ya taka gaba ɗayansa, na kwamfuta ne, daƙiƙa kaɗan sai a yanke. Idonka ya riga ya yarda da na farkon, sai ya ba na biyun bashi.

Kukan nasa kuma Gary Rydstrom ne ya haɗa shi daga kukan jaririn giwa da gurnanin kada da na damisar Asiya. Wasu daga cikin muryoyin raftoci kuwa, kar ka yi dariya, kunkuru ne a lokacin barbara. Cikin kyaututtukan Oscar 3 da fim ɗin ya ci, 2 na sauti ne, kuma da shi aka fara amfani da tsarin sautin DTS a silima. To ka ga matsalar waya ke nan. Dim ɗin nan na takun ƙafa sauti ne na can ƙasa, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne, sifikar waya ba ta iya fitar da shi sam. Yaronka ya ga ruwa na rawa a kofi bai ji abin da ya girgiza shi ba. An cire wa miya gishiri sannan aka ce ya ɗanɗana.

Na koyi wannan darasin na ɓoye dodo da kuɗin wani ma. Akwai wani aiki da aka taɓa kawo min, labarin aljani ne da ke rikiɗa ya zama maciji, daraktan ya biya an zana masa maciji a kwamfuta, kuma tunda ya biya ya dage sai an nuna shi da tsakar rana, a tsakar gida, kusan rabin minti yana ta lanƙwasa. Da muka nuna wa mutane biyar don gwaji, uku dariya suka yi. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Na rage macijin zuwa daƙiƙa uku, na duhunta hoton kamar magariba, sauran lokacin na cike shi da kaji suna watsewa, da buta da ta faɗi ruwa na malala, da fuskar jarumar, na sa ƙarar jan buhu a kan siminti a ƙasa-ƙasa. Macijin bai canza ba, shi ne dai wannan mummunan zanen, amma a gwaji na biyu babu wanda ya yi dariya. Daraktan har yau yana jin haushin kuɗin da ya kashe a daƙiƙoƙin da na zubar.

Inda furfura ta fito masa

Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da ka gani ya zama wani iri, na gan shi ni ma. Wurin da aka fara nuna mai dogon wuyan nan yana miƙewa ya ci ganyen bishiya, kusan minti 20 da farawa, da rana ne tsaka, babu duhun da zai rufa asiri, in ka kalle shi a sabon talabijin mai kaifi za ka ga fatar ta yi sumul da yawa, kamar an liƙa shi a kan hoton. Garken nan da ke gudu a fili kamar jiminu su ma haka. Abin da ya ceci wurin farkon shi ne Spielberg bai fara da dabbar ba, da fuskar Grant ya fara, ya cire hula ya cire tabarau hannu na rawa, sannan ya kamo kan abokiyar aikinsa Ellie ya juyo da shi. Fuskar mutum ba ta tsufa a fim. Zanen ne ke tsufa.

Kwamfutocin cikin fim ɗin ma yanzu abin dariya ne, ƙatti masu ƙeya, ga yarinya tana murna don ta ga CD a cikin mota. Yaronka da aka haifa waya na hannun uwarsa ba zai gane abin murnar ba. Akwai kuma kurakuran da in ka gani sau ɗaya ba ka ƙara daina gani. Wurin da akuya take ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, T. rex ya tako daga nan, minti kaɗan bayan haka wurin ya zama wani ƙaton rami da aka tura mota ciki. A ƙarshen fim kuma, dabbar da takunta ke girgiza ruwa a kofi daga nesa, ta shigo cikin gini ta kama rafto babu wanda ya ji motsinta, ta wace ƙofa ma ta shigo oho. A wurin kicin, in ka tsayar da hoto daidai lokacin da rafto ya turo ƙofa, za ka ga hannun wani ma'aikaci yana tallabe shi ta baya. Mu editoci mun san irin wannan, ana gani ake bari, don an san idon mai kallo yana kan haƙora.

Maganar surutu kuwa, a nan ban goyi bayan yaron ba, duk da na fahimce shi. Sai an ci kusan awa ɗaya kafin T. rex ya fito, yaron da ya saba da bidiyon daƙiƙa 30 dole ya gundura. Amma awar nan ita ce jarin fim ɗin. A cikinta ne ka san cewa Grant ba ya son yara, don in ya tsinci kansa da biyu a kan bishiya abin ya yi ma'ana. A cikinta ne aka zauna cin abinci ana musu ko ya halatta ɗan Adam ya dawo da abin da ya riga ya shuɗe don kawai ya samu iko, kuma yau da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira da gyaran ƙwayoyin halitta, musun nan ya fi dacewa da yanzu a kan 1993. Da ina yaro dodanni nake kallo. Yanzu da na yi aiki a ƙarƙashin mutane, Nedry nake kallo, ƙaton nan mai kula da kwamfuta. Attajirin mai wurin yana ta alfaharin bai yi ƙwauron kuɗi a komai ba, amma mutum ɗaya da duk makullan wurin ke hannunsa yana ta kukan ba a biya shi daidai, aka ce masa matsalarsa ce. Wasu suka yi masa tayin dala miliyan ɗaya da rabi, ya kashe shinge. Duk wanda ya taɓa yi wa wani Alhaji aiki ya san wannan labarin ba sai da dainoso ba.

Gaskiyar malamin su yaro

Eh, yana da gaskiya, amma da sauran bayani. A 1996, shekara uku bayan fim ɗin, aka tono wani ɗan ƙaramin dainoso a lardin Liaoning na ƙasar Sin, da alamar gashi a jikinsa a kan dutse, daga nan aka yi ta samun irinsa. A 2007 aka ga tabon inda fuka-fukai ke kamawa a ƙashin hannun Velociraptor kansa. Kuma ainihin Velociraptor, wanda aka samu a Mongoliya, girman talo-talo gare shi in ka cire dogon bindi, ba zai buɗe maka ƙofar kicin yana kallon ka ido cikin ido ba. Na cikin fim ɗin an gina shi ne a kan wani ɗan'uwansa na Amurka da ya fi girma, Deinonychus, sunan ne kawai aka ara don ya fi daɗin faɗa. Ba duk dainoso ne ke da gashi ba, masu dogon wuya an samu shaidar fatarsu mai ɓawo ce, T. rex ma guntayen fatar da aka samu masu ɓawo ne, duk da an samu wani babban danginsa a Sin a 2012 da gashi a jiki.

Wanda ya tofa wa Nedry dafi a ido yana buɗe wuya kamar lema, wannan ƙari ne, babu shaidar dafi ko lemar, kuma na gasken ya kai mita 6 zuwa 7, ba ɗan ƙarami ba ne. Maganar cewa in ka tsaya cak T. rex ba zai gan ka ba, kar ka gwada, idanunsa gaba suke kallo kuma bincike ya nuna ganinsa mai kaifi ne, ga hanci kuma. Sunan fim ɗin ma da gyara, T. rex da rafto da mai ƙaho uku duk ba a zamanin Jurassic suka rayu ba, a wanda ya biyo bayansa ne. Sai babbar maganar, ciro jinin dainoso daga cikin sauron da ya maƙale a ƙaron bishiya. Wani bincike na 2012 a kan ƙasusuwan tsuntsun moa na New Zealand ya nuna rabin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, na lalacewa duk bayan kusan shekara 521, mafi tsufan da aka taɓa karantawa kuma na kusan shekara miliyan 2 ne daga daskararriyar ƙasar Greenland. Dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Tazarar ta yi yawa.

Sai dai ka gaya wa yaron wani abu, kar ya raina fim ɗin. Kafin 1993 yawancin mutane dainoso a kansu wani ƙaton ƙadangare ne malalaci mai jan bindi a ƙasa. Fim ɗin nan ne, da shawarar masanin ƙasusuwa Jack Horner, ya nuna wa duniya su da zafin nama, bindi a sama, suna motsi kamar tsuntsu. Tun a farkon fim Grant yake cewa danginsu ɗaya da tsuntsaye, kuma da me aka rufe fim ɗin? Yana kallon kwasakwasai suna shawagi a kan teku ta tagar jirgi. Wato hanyar da malaminsu ya bi, fim ɗin ma ya nuna ta tun a 1993. Waɗanda suka biyo baya ne suka maƙale, Jurassic World na 2015 bai sa gashi ba duk da an riga an sani, sai suka fake da cewa ai dabbobin an cike gurbinsu da jinin wasu halittu ne, sai a na 2022 aka ga mai fuka-fukai sosai.

Tunda yaron yana da wannan sha'awar, ka ba shi wani labarin da ya fi kusa da gida. Hamadar Tenere da ke yankin Agadas a Nijar tana cikin manyan wuraren ƙasusuwan dainoso a Afirka. A Gadufawa Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono tun shekarun 1960, ya sa wa ɗaya suna Ouranosaurus a 1976. Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo daga baya, shi da tawagarsa suka bayyana Suchomimus mai baki irin na kada a 1998, sai Jobaria da Nigersaurus a 1999, na ƙarshen nan bakinsa shimfiɗaɗɗe ne da haƙora sama da 500. In Allah ya kai ku Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama akwai ƙwarangwal ɗinsu a tsaye. Ko a ƙasar Sakkwato an samu wata dabbar teku ta wancan zamanin, ba dainoso ba ce amma tare suka rayu, aka sa mata suna Goronyosaurus saboda Goronyo, don a lokacin teku ne ya rufe yankin.

Sai kuma kewar

A nan ne ba zan iya zama alƙali mai adalci ba, don ni ma mai laifi ne. Wajen 1995 na gan shi, a kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, a talabijin inci 14, mun kai mu 20 a ɗaki ɗaya, manya a kujera mu a ƙasa, takalma sun cika bakin ƙofa. Wani yayanmu da ya shiga sakandare shi ne mai fassara, sai da na girma na gane rabin abin da yake faɗa ƙirƙirarsa ce, shi ya gaya mana wai attajirin boka ne. Ana tsakiyar wurin kicin, daidai lokacin da numfashin rafto ya yi hazo a gilashin ƙofa, aka ɗauke wuta, ɗaki ya yi baƙi ƙirin, wata yarinya ta ƙwalla ƙara, muka tattake juna a bakin ƙofa. Wannan duhun ba Spielberg ne ya shirya shi ba amma a kaina ya zama ɓangaren fim ɗin. Kuma dushi-dushin kaset ɗin nan da ƙanƙantar talabijin sun ɓoye duk wani aibun zane, a ido na yaro komai na gaske ne. Ba mu taɓa ganin irinsa ba, ba mu da inda za mu duba yadda aka yi shi, akwai wanda ya rantse a cikinmu cewa Turawa suna da irin dabbobin a ɓoye. Wannan ba za ka iya ba ɗanka ba, shi ya ga dodanni dubu a gem kafin ya iya ɗaura zariya. In ka ce sai ya ji abin da ka ji, za ka ɓata masa rai ka ɓata naka.

Abin da za ka iya shi ne ka ba fim ɗin haƙƙinsa. Da dare, a talabijin, a kashe fitila, wayoyi a wani ɗakin. Ka nemo sifika mai bugu ko da ta aro ce. Ka shiga saitin talabijin ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi, don fim ɗin hoto 24 ne a daƙiƙa, in talabijin ya cusa nasa a tsakani komai sai ya koma kamar wasan kwaikwayon gidan talabijin, roba ta fito a roba. Ka tara masa 'yan'uwa uku ko huɗu, tsoro a cikin taro ya fi kamawa. Kar ka riƙa cewa "kalli nan, kalli nan", wannan ita ce cutar iyaye. Ka bar shi ya kama kurakuran kimiyyar, ka ma sa masa gasa. In awar farko ta gagara, ba laifi ka fara masa daga inda motoci suka shiga babbar ƙofa, daga baya shi zai nemi farkon.

Haka na yi wa ɗan ƙanwata a karo na biyu, da sifikar aikina na ɗauko daga shago. Bai ce min fim ɗin ya fi na zamaninsu ba, har yanzu yana nan a kan cewa na 2015 ya fi faɗa, kuma ya ƙirga min kurakurai huɗu kafin a je rabi. Amma lokacin da yarinyar ke cin abin zaƙin nan kore, cokali ya tsaya a hannunta yana rawa don ta hango inuwar rafto a bango, na saci kallonsa, na ga ya janye ƙafafunsa daga ƙasa ya naɗe su a kan kujera. Da aka gama na ce ya je ya kulle ƙofar waje, ya ce wai sai dai mu je tare, takalminsa ne bai gani ba.